Ɗigo a Hoto: Ƙura ce ko Ciwon Sensa?

Tambaya: Malam, ina ɗaukar hoton biki. Tun shigowar hunturu, ɗigo ke fitowa a hotunana, kullum a wuri ɗaya. Kyamarar ta lalace ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, gwaji biyu za su raba gardama.

Da farko, tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, ka ɗauki sararin sama ko farin bango. In ka ga tabo mai duhu, dishi-dishi, wanda ke dushewa idan ka buɗe zuwa f/4, to ƙura ce ta zauna kan gilashin da ke gaban sensa.

Sannan rufe ruwan tabarau da murfinsa, ka ɗauki hoto na daƙiƙa 10. In ɗan ɗigo tsaf, ja, kore, shuɗi ko fari ya haska cikin baƙin, ƙwayar sensa ce ta maƙale. Shara ba ta cire ta.

Ga ƙura, kifa kyamarar ka hura da robar busa iska. Kada ka hura da baki. Ga maƙalalliyar ƙwaya, kyamarori da yawa suna da umarnin ɓoye ta a saitinsu. Kuma ka daina sauya ruwan tabarau a fili lokacin hazo.