Mutanen Lamu da Tashar Wutar Kwal

Kowa ya san gawayi. Da shi maƙeri ke zuga wuta, da shi mai tsire ke gashi, da shi mata ke turara ɗaki. Wannan daga itace ake yin sa. Akwai wani gawayin kuma da ba ɗan Adam ne ya ƙona shi ba. A ƙarƙashin ƙasa yake, baƙi wuluk, mai tauri kamar dutse. Shi ake kira kwal. Asalinsa itatuwa ne da ciyayi da ƙasa ta binne tun shekaru miliyoyi, nauyi da zafi suka matse su har suka koma haka. Tsofaffin da suka ga jirgin ƙasa na dā, wanda ke tafe yana tuƙa baƙin hayaƙi, sun san shi, domin da kwal ɗin Inugu jirgin yake tafiya.

To, yaya ake samun wutar lantarki daga wannan baƙin dutse? Ka tuna tukunya a kan murhu. Idan ruwa ya tafasa, tururi kan riƙa ɗaga murfi yana ƙwal-ƙwal. Wannan ƙarfin da ke ɗaga murfin shi ne sirrin aikin. A tashar kwal ana niƙe kwal ya yi laushi kamar gari, a hura shi cikin wani ƙaton murhu. Zafinsa ya tafasa ruwan da ke cikin bututai. Tururin ya fita da ƙarfi, ya juya farfela, farfela ta juya janareto, wuta ta hau waya. Daga nan sai a sanyaya tururin ya koma ruwa, a sake tafasa shi. Haka ake yi dare da rana, ba hutu.

Ka riƙe abu uku a nan: ana ƙona abu, ana bukatar ruwa mai yawa, kuma toka tana saura. Duk rigimar da za ka ji a ƙasa daga waɗannan ukun ta taso.

Lamu wani tsibiri ne a gabar tekun Indiya, a ƙasar Kenya, kusa da iyakar Somaliya. Garin tsoho ne, mutane sun fi shekara 700 suna zaune cikinsa. Galibinsu Musulmi ne, Swahili suke ji, kuma kowace shekara baƙi kan zo musu Maulidi daga nesa. Lungunan garin matsattsu ne, mota ba ta ratsa su, jaki ne abin hawa da ɗaukar kaya. Duk wanda ya san cikin birnin Kano ko tsohon garin Damagaram zai gane fasalin. A 2001 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihin da duniya ke adanawa. Abincin jama'a daga teku yake: su, da jigila a jiragen ruwa na katako masu tafiya da iska, da hidimar masu yawon buɗe ido. Waɗanda ke can tudu kuma manoma ne.

A 2014 gwamnatin Kenya ta ba wani kamfani mai suna Amu Power aikin gina tashar wutar kwal a Kwasasi, wani yankin gonaki da ke tudu, kimanin kilomita 20 daga tsibirin. Ƙarfinta megawat 1,050. Don ka gane girmanta, madatsar Kainji da megawat 760 aka gina ta. Kuɗin aikin kusan dala biliyan 2, kuma wani babban bankin ƙasar Sin, ICBC, shi zai ba da mafi yawansu rance. Kwal ɗin ma ba a nan yake ba. Da jiragen ruwa za a riƙa shigo da shi daga Afirka ta Kudu.

An yi wa mutane albishir da aikin yi, da wuta mai araha, da diyyar gonaki. Wasu sun yi murna ƙwarai, kuma ba a ga laifinsu ba. Saurayin da ya gama makaranta yana zaman kashe wando, in ka ce masa ga aiki ya zo ƙofar gida, ba zai tsaya tambayar hayaƙi ba.

Masunta ne suka fi shiga damuwa, domin su suka san ruwan. A bakin tekun Lamu akwai wasu itatuwa masu tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar yatsu sun kama taɓo. Da Swahili ana ce musu mikoko, kuma fiye da rabin na Kenya duka a yankin Lamu suke. A tsakanin saiwoyin nan kifi ke zuba ƙwai, a nan 'ya'yan kifi da jatan lande da ƙaguwa ke ɓuya har su yi ƙwari su shiga teku. Tashar kuwa daga tekun za ta zuƙi ruwan sanyaya tururi, ta mayar da shi da ɗumi. Bututun da ke zuƙar ruwan kan haɗa da ƙwai da ƙananan kifi. Ruwan da ya dawo da ɗumi kuma iskar da kifi ke shaƙa takan ragu a cikinsa. Masunci bai bukatar digiri kafin ya san cewa in kifi bai ji daɗin wuri ba, ƙaura yake yi.

Sai hayaƙi. A cikin kwal akwai farar wuta. In ta ƙone takan zama iska mai shaƙe maƙogwaro, in ta haɗu da gajimare kuma ruwan sama ya sauko da tsami, ya lalata ganye, ya ci bango. Akwai wata ƙura da ido ba ya gani, wadda ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ita ce mugunyar. Takan wuce hanci ta shige can cikin huhu, ta tayar da asma, ta jawo tari da ciwon zuciya, yara da tsofaffi su suka fi shan wuya. A birnin Landan, a watan Disamba na 1952, hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe gari kwana biyar, mutum aƙalla 4,000 suka mutu. Akwai kuma zaiba. Takan bi hayaƙi ta sauka a ruwa, ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya cinye ƙarami, mai ciki ta ci babban, gubar ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta. Gaskiya ne akwai na'urorin tace hayaƙi masu rage yawancin wannan, kamfanin ma ya ce zai yi aiki da fasahar zamani. Sai dai na'ura tana son kuɗi da gyara da mai sa ido, kuma mun san yadda gyara yake ƙarewa in an gama bikin buɗewa.

Toka fa? Ba irin ta murhu ba ce da ake barbaɗawa a gona. Tana ɗauke da dalma da wasu gubobi, kuma tasha mai wannan girma kan tara tsibinta kullum. In aka jibge ta a fili, iska ta kwashe, ruwan sama ya wanke ta zuwa rijiya. Mutanen Zamfara ba su manta da 2010 ba, lokacin da ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara kimanin 400. Guba ce da ba a ganin shigarta.

Akwai kuma iskar da duk abin da aka ƙona ke fitarwa, wadda ke taruwa a sama tana ƙara wa duniya zafi. Kwal ya fi man fetur da iskar gas fitar da ita. Wannan ya sa wasu 'yan Kenya suka ce ina dalili, alhali mafi yawan wutarsu daga madatsun ruwa da tururin ƙarƙashin ƙasa na Olkariya take zuwa?

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Dokar Kenya ta ce kafin a soma babban aiki irin wannan, sai an yi binciken illar da zai yi wa muhalli, an rubuta rahoto, an ji ta bakin mutanen wurin. An yi rahoton, ƙato, da Turanci. A watan Satumba na 2016 hukumar kula da muhalli ta ƙasar ta ba da lasisi.

Mutanen Lamu ba su ƙona mota ba, ba su fasa ofis ba. Suna da wata haɗakar ƙungiyoyin gari mai suna Save Lamu, wato a ceci Lamu. Suka nemo lauyoyi da masana, aka zauna aka bi rahoton shafi-shafi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Suka yi jerin gwano riƙe da alluna an rubuta cewa kwal guba ne. Sa'an nan suka kai ƙara kotun musamman mai sauraren shari'o'in muhalli. Aka shekara biyu da rabi ana fafatawa.

Ranar 26 ga Yuni, 2019, kotun ta soke lasisin. Ka lura da dalilinta. Ba ta ce an haramta kwal a Kenya ba. Cewa ta yi ba a tuntuɓi jama'a yadda doka ta tanada ba. Tarurrukan da aka yi tun farko na gabatar da aiki ne kawai, ba a koma an baje wa mutane abin da binciken ya gano don su tofa albarkacin bakinsu ba. Ta kuma ce rahoton bai kula da dokar sauyin yanayi ta 2016 ba. In ana son ci gaba, a sake bincike daga tushe. A 2020 bankin na Sin ya janye hannunsa, ba a kuwa gina tashar ba.

Kada a ɗauka kowa ya yi dariya. Manoman Kwasasi da aka auna gonakinsu sun yi shekaru suna jiran diyya, ba su ga tsuntsu ba, ba su ga tarko ba. Su ma darasi ne: awo da alkawari ba kuɗi ba ne.

Me ya haɗa mu da wannan labari? Kwal yana ƙasashenmu, Nijar da Najeriya. A Nijar, kamfanin SONICHAR yana ƙona kwal a Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, tun 1981. A 2014 an aza harsashin wata babbar tasha a Salkadamna, jihar Tawa. Da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a 2023, kowa ya ga amfanin ƙasa ta samu tata. A Najeriya ma ana haƙar kwal a Maiganga ta jihar Gwambe da wasu sassan Kogi. Ni ban ce a ƙi wuta ba. Mai walda da mai injin niƙa da mai haihuwa a asibiti cikin duhu sun san darajarta. Abin da na ce, a san farashinta tun kafin a ƙulla ciniki, a kuma san wanda zai biya.

Najeriya tana da dokar binciken muhalli tun 1992, kuma akan ajiye rahoton a bainar jama'a tsawon ranakun aiki 21 don kowa ya duba ya yi magana. Nijar ma tana da tata dokar. Saboda haka in aka yi shela cewa baƙi za su zo taro a ƙofar gidan mai gari, ka je, matarka ma ta je, domin ita ke ɗibar ruwan rijiyar. Ka tambaya daga ina za a ɗebi ruwa, ina za a zubar da shi. Ka tambayi inda za a jibge toka, da nisansa da rijiya da burtali. Ka ce iskar hunturu ina za ta kaɗa hayaƙin? Diyya nawa ce, yaushe, a hannun wa? Ka nemi a yi bayani da harshen da kake ji, a kuma rubuta amsar.

Can wajen ƙarshen taro za ka ga takarda tana zagayawa, ga tawada a gefe, ana cewa sunayen mahalarta ne kawai. Wataƙila haka ne. Amma yanzu ka soma karatu. Ka ɗaga takardar, ka karanta abin da aka rubuta a samanta, ko da harafi-harafi ne, ko da mutane na jira. In ya fi ƙarfinka, ka kira wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi kowa ya ji, kafin ka dangwala yatsa.