Ƙarin Guringuntsi a Ƙashin Ƙugu

Guringuntsi shi ne abin nan fari mai santsi da ke bakin ƙashi wurin gaɓa. Da shi ne ƙashin yaro ke ƙara tsawo har ya gama girma. Wani lokaci sai ɗan yankinsa ya kauce, ya tsiro gefe, ya zama ƙari. Wanda aka fi gani shi ne tsiron ƙashi mai hular guringuntsi a bisansa. Galibi kusa da gwiwa ko kafaɗa yake fitowa. A ƙashin ƙugu kuwa ba safai ba.

Irin wannan ƙari ba ciwon daji ba ne. Ba ya yaɗuwa cikin jiki, ba a kuwa ɗaukarsa daga wani. Yakan girma tare da yaro, ya tsaya sa'ad da girman yaron ya tsaya. Akwai wani iri da ake gado, mai fitowa wurare da yawa. In uwa ko uba na da shi, ga kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya kuɓuta.

To, don me za a damu da shi? Dalili biyu ne. Na fari, ƙugu wuri ne mai zurfi, ƙari ya iya girma ciki ba a sani ba, sai ya danne mafitsara, ko hanji, ko babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Ga mace ya iya tsuke hanyar haihuwa. Na biyu, ƙugu na cikin wuraren da mugun ƙarin guringuntsi ya fi kamawa, ga shi kuwa ido da hannu ba su iya rarrabe mugun da mai sauƙin. Sai likita ya ɗauki hoton ƙashi, wani sa'i har ya ɗebi ɗan yanki a duba.

Saboda haka ana roƙon hakimai da malamansu su gargaɗi dagatai da masu unguwa a kan abu uku:

1. Kumburi mai tauri a ƙugu, kada a yi masa sakiya, kada a kafa ƙaho, kada a kai wa mai ɗori, gama ba karaya ba ce, ba kuwa ruwa ciki.

2. In baligi ya ga tsohon ƙarinsa ya soma girma, ko yana ciwo har da dare, lalle ya tafi asibiti ba jinkiri. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano domin irin wannan.

3. Mace mai ciki da ke da shi, ta haihu a asibiti.

Wanda bai dame kowa ba, likita yakan bar shi, ya riƙa dubawa. Wanda ya danne wani abu, sai a yi aiki a cire, ba safai ya komo ba.