Bangon da ya tsage a Dogarawa: laka ce, ba girgizar ƙasa ba

Kusan kowane ƙarshen damina sai an turo hoton tsagaggen bango a WhatsApp, da muryar wani yana rantsuwa cewa ƙasa ta fara motsi tsakanin Galmi da Malbaza. Masana ilimin ƙasa sun gaji da wannan labari.

Girgizar ƙasa tana faruwa ne inda wata tsaga ta ratsa duwatsun ƙarƙashin ƙasa, gefe biyu suka daɗe a cije, sannan suka goce farat ɗaya. Irin wannan tsaga ce ta kashe mutum sama da 50,000 a Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023. Yankin Adar kuwa, inda Dogarawa take, yana nesa da bakin manyan faya-fayan ƙasa. Kuma girgiza ba ta zaɓar gidan mutum ɗaya ta tsallake na maƙwabcinsa. In ta zo, gari duka ke jin ta, na'urori su rubuta lokacinta.

Abin da ke tsaga bango a kwarin Majiya laka ce. Tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke da rani, harsashin da bai yi zurfi ba ya bi ta. Ga indararo da ke zuba a gindin bango shekara da shekaru.

Duk da haka Afirka ta Yamma ba ta tsira daga girgizar ƙasa ba. A Disamban 1983 girgiza ta kashe ɗaruruwan mutane a yankin Gawal na ƙasar Gini, inda ba wanda ya zata. Akara ta sha tata a 1939, Kwoi ta jihar Kaduna ta ji motsi a 2016, Mpape ta Abuja a 2018. Shi ya sa Najeriya ke sa ido daga cibiyarta ta Toro a jihar Bauchi, musamman kan tsagar Ifewara zuwa Zungeru.

Haɗarin da ya fi kusa da mutanen Dogarawa yana hannun magina. Siminti na nan a Malbaza, amma sai a miƙe buhu ɗaya a buga bulo fiye da ƙima, a rage rodi, a ɗora rufin kankare mai nauyi a kan bangon da yatsa ke kankarewa. Irin wannan gini ruwan Agusta ma ya ishe shi.

Wanda bangonsa ya tsage ya shafa ɗan siminti a kan tsagar, ya rubuta kwanan wata. In shafen ya sake buɗewa cikin makonni kaɗan, ko ƙofa ta fara cijewa, a kwashe iyali daga ɗakin, a janye ruwa daga gindin bango, a kira injiniyan gini ya duba harsashin.