Wa Ake Fara Ɗauka Idan Jirgi Bai Wadatu Ba?

 Wasiƙar farko a filin amsa tambayoyinku daga wani malamin asibiti ce a Damagaram. Yana tambaya: idan sojoji da yawa suka ji rauni a fagen daga, jirage kuwa kaɗan ne, wa ake fara ɗauka, kuma ta ina ake bi da shi?

To malam, bari mu duba yadda sojojin Amurka suka yi a Afganistan. Da zarar soja ya faɗi, 'yan'uwansa kan aika saƙo mai layi tara ta rediyo: ga inda muke, ga yawan masu rauni, nawa ne a kwance, nawa ne ke iya takawa, akwai abokan gaba kusa ko babu. Sai a kasa su. Wanda rai ke hannun Allah, cikin awa ɗaya. Na biye da shi, awa huɗu. Sauran suna iya jira har awa 24. A 2009 sakataren tsaro Robert Gates ya ba da umarnin a kai mai mummunan rauni gaban likitan tiyata cikin minti 60. Dole aka ƙaro jirage masu saukar ungulu, aka matso da ƙananan asibitoci kusa da fagen daga.

Daga nan sai doguwar tafiya, daga sansanin Bagram a Afganistan zuwa Ramstein a Jamus, inda asibitin Landstuhl yake kusa. Jirgin C-17 da ya kawo kaya, shi ake shimfiɗa wa gadaje ya koma da majinyata, 36 a kwance, 54 a zaune. Masu haɗa majinyaci da jirgi kuwa suna can sansanin Scott a jihar Illinois.

Ga abin da ya fi taɓa ni, malam, kuma kai ma'aikacin lafiya ne, za ka gane. Iska tana kumbura idan jirgi ya yi sama. Wanda iska ta maƙale masa a ƙirji ko cikin ƙoƙon kai, hawan nan zai iya halaka shi. Sai likita ya ƙayyade tsayin da za a tashi, matuƙi ya yi ƙasa-ƙasa, mai ya ƙara ƙonewa, tafiya ta ƙara tsawo. Saboda mutum ɗaya a sake lissafin hanyar jirgi gaba ɗaya.

Sai wata baiwar Allah daga Kumasi, tana tambaya ko ana harbin jirgi mai alamar jan kuros. Hajiya, yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta haramta, amma ba kowa ke kiyayewa ba. Shi ya sa a wuri mai haɗari ake haɗa shi da jirgin yaƙi ya raka shi, kuma wani lokaci jiran ɗan rakiyar nan ne ke cinye mintocin da mai rauni yake buƙata.