Sankarau: Matakan Gaggawa Kafin Cuta Ta Ci Ƙarfi

Sankarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, kuma mafi haɗarinsa shi ne wanda ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa, domin yana iya kisa cikin sa'o'i 24. Arewacin Nijeriya da Nijar suna cikin yankin da cutar ta fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda annoba kan ɓarke tsakanin hunturu da bazara, lokacin da ƙura da busasshiyar iska ke raunana maƙogwaro, cunkoso a ɗakin kwana kuma ya sauƙaƙa yaɗuwarta. Annobar 1996 kaɗai ta hallaka kimanin mutum 25,000 a Afirka.

Alamominta su ne zazzaɓi mai zafi da ke zuwa farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, da sanƙarewar wuya, da amai, da ƙin haske, sannan ruɗewa ko suma. Jariri kuwa wuyansa ba lallai ya sanƙare ba, sai dai ya ƙi nono, jikinsa ya saki, maɗigarsa ta kumbura. Tun da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana kama da wannan, bambancewa aikin asibiti ne, kuma duk wanda ya nuna alamomin a kai shi nan take, ko da tsakar dare ne.

Idan majiyyaci yana jijjiga, a kwantar da shi ta gefe guda, kada a cusa masa cokali a baki, kada kuma a ɗura masa ruwa ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa. A asibiti akan ɗebi ruwan laka ta gadon baya domin tantance ƙwayar cutar, aikin da iyaye da dama ke tsoro alhali ƙwararru na yin sa lafiya. Amma ba a jinkirta allurar kashe bakteriya, galibi seftirayazon, don jiran sakamako.

Bayan sallama wajibi ne a auna jin majiyyaci, domin kurumta na cikin manyan illolin da cutar ke bari. Rigakafi ma ya samu ci gaba, domin a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da wata sabuwar allura da ke ba da kariya daga nau'o'i biyar na ƙwayar cutar.