Zangon Farko Da Kaka Sun Haɗu: Me Yaranmu Ke Koyo A Ƙaramar Sakandare?

Darasinmu na wannan fitowa a kan yaran ƙaramar sakandare ne, wato 'yan aji ɗaya zuwa uku bayan firamare. Muna roƙo a karanta shi a taron dattawa da na zumuntar mata, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji.

Ga abin da ya sa muka ɗauko zancen. Kowane watan Disamba, gab da Kirsimeti, yara suna kawo takardar sakamako gida, mu kuma a yawonmu na ƙauyuka sai mu riƙa jin magana iri ɗaya daga bakin iyaye: "Yaron nan ba shi da kan boko, gara ya zauna ya taimake ni." Sau da yawa idan muka ce a kawo mana littafin rubutunsa, sai mu tarar kwanan watan da ke shafin farko na ƙarshen Oktoba ne, ko ma Nuwamba. Makaranta kuwa tun Satumba aka buɗe ta. Duk tsawon kwanakin nan yaron yana gonar masara ko fadamar shinkafa.

Bari mu ƙirga tare. Zangon farko yakan ɗauki mako 12 zuwa 13. Makon farko yakan tafi a rajista da shara da yankan ciyawar da damina ta bari a filin makaranta. Makonni biyu na ƙarshe na bita ne da jarrabawa. Abin da ya rage wa malami ya koyar bai wuce mako 10 ba. A cikin makonnin nan ne kuma ake karya masara, a cire gyaɗa, a yanke shinkafa da waken soya, dawa tana jira a baya. Yaron da aka riƙe mako huɗu ya rasa kusan rabin karatun zangon, kuma rabin farko ne, wanda sauran ke zaune a kansa.

Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko, shida a firamare da uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne, ta kuma ɗora wa iyaye alhakin kai yaro. Gwamnatin Kano ta ƙaddamar da nata shirin ilimi kyauta kuma dole a 2019. Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar da makarantun ƙasar nan suke bi. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja, ta rage yawan darussan ƙaramar sakandare zuwa tsakanin 12 da 14, ta sa tarihin Nijeriya ya zama dole, ta kuma ce kowane yaro ya zaɓi sana'a ɗaya daga cikin shida: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran waya da kwamfuta, ko aikin lambu da noma. Wannan a takarda ke nan. Ku tambayi shugaban makarantarku wace sana'a ce yake da malaminta da kayan aikinta, domin sunan sana'a a allo ba ya koya wa yaro riƙe almakashi.

Lissafi

A nan muke so mu daɗe, domin a nan ne yawancin yaranmu suke faɗuwa. Bisa tsarin da aka daɗe ana bi, ɗan aji ɗaya yana farawa da manyan lambobi: yadda ake karantawa da rubuta miliyan, biliyan da tiriliyan, da matsayin kowace lamba a cikin jeri. Miliyan sifili shida gare ta, biliyan tara, tiriliyan goma sha biyu. Yaron da ya gane wannan, idan rediyo ya faɗi kasafin kuɗin jiha, zai iya gaya wa babansa sau nawa biliyan ta ninka miliyan. Sau dubu ne.

Daga nan sai a shiga lambobin da ke raba wata lamba ba saura, da abin da malamai ke kira LCM, wato lamba mafi ƙanƙanta da lambobi biyu za su iya rabawa daidai. Kada sunan ya tsorata ku. A ɗauka manoma biyu suna ban ruwa a ƙasan madatsar Tiga, ɗaya duk bayan kwana 4, ɗayan duk bayan kwana 6. Idan sun haɗu a bakin ruwa yau, yaushe za su sāke haɗuwa? Bayan kwana 12. To 12 ɗin nan ita ce LCM ta 4 da 6.

Me ya sa ake koyar da wannan tun da wuri? Domin darasin da ke biye shi ne kashe-kashe, irin su ɗaya bisa huɗu da ɗaya bisa biyar, kuma ba a iya tara su sai da LCM. A ɗauka buhun masara yana cin kwano 40. An ba mai gona ɗaya bisa huɗu, kwano 10 ke nan. An biya 'yan ƙodago ɗaya bisa biyar, kwano 8. Abin da ya fita kwano 18. Kowace uwa a cikinmu za ta yi wannan lissafi da ka kafin ka ɗaga biro. A makaranta ana so yaro ya rubuta shi: ya nemo LCM ta 4 da 5, wato 20, ya mayar da kason farko biyar bisa ashirin, na biyu huɗu bisa ashirin, ya tara ya sami tara bisa ashirin. Amsa ɗaya ce da ta uwar. Amma yaron da ya zo bayan an wuce makon LCM zai ga malami yana fito da 20 kamar mai rufa-ido. Zai kwafa, ba zai gane ba, kunya kuma ba za ta bar shi ya tambaya ba. Haka zai yi ta ɗingishi har aji uku.

'Yan aji biyu suna ɗora kashi cikin ɗari a kan wannan, da riba da faɗuwa, da kuɗin ruwa. Mun fi son wannan darasi da kowanne, domin ya shafi rumbunmu. Misali, mutum ya karɓi bashin naira 20,000 a watan Yuni don sayen taki, da alkawarin biyan buhu ɗaya da kaka. Kaka ta yi, buhun yana naira 30,000 a kasuwar Kwanar Dangora. Ɗan aji biyu ya kamata ya iya cewa, "Baba, kashi 50 cikin ɗari ka biya a cikin wata biyar." Gidan da ke da irin wannan yaro ba ya sa hannu a yarjejeniya ido rufe. 'Yan aji uku kuwa jarrabawar BECE ce a gabansu a ƙarshen shekara, ita ce ke buɗe ƙofar babbar sakandare, kuma tambayoyinta suna ɗebowa daga karatun shekara ukun duka.

Turanci

A firamare yaro ya saba da malami ɗaya ko biyu, waɗanda ke juya bayani zuwa Hausa idan sun ga ido ya yi fari. A sakandare kowane darasi da malaminsa, kararrawa na kaɗawa wani ya shigo, littafi da jarrabawa kuma duk da Turanci. A watan Nuwamba 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar 2022 ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A ganinmu yaro ya fi kama abu da harshen da yake mafarki da shi, amma ko da manufar ko babu ita, ɗan sakandare bai da makawa sai Turanci.

A makonnin farko ana koyar da sassan jimla: suna, wakilin suna, sifa da aikatau. (Aikatau na nahawu muke nufi, kalmar aiki kamar "ci" da "tafi". Wancan aikatau ɗin da ake tura 'yan matanmu Kano da Kaduna su yi, shi ne ke cire su daga wannan.) Ana kuma koyar da furuci. Hausa wasula biyar gare ta, kowanne da gajere da dogo, sai "ai" da "au". Turanci haruffan wasali biyar ne a rubuce, amma sautukansu sun kai 20 a baki. Ga kuma "p" da "f", waɗanda kunnen Bahaushe ke ji kamar abu ɗaya. Yaro ba ya koyon sauti daga littafin abokinsa, sai ya ji da kunnensa. Sannan a ba su rubutun farko, yawanci a kan kansu ko gidansu ko makarantarsu.

Sauran darussa ba su kai waɗannan biyu wuyar kamawa daga baya ba. Kimiyya tana farawa da bambancin masu rai da marasa rai, da tsabtar jiki da ta muhalli, da ire-iren abinci da aikin kowanne a jiki. A darasin Hausa ana yin baƙaƙe da wasula da ƙa'idojin rubutu, da labarin Bayajida da Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Biram, da maƙwabciyarmu Rano. Yaranmu sukan yi fice a nan idan suna nan.

Darasin addini

Manhaja ta tanadi ilimin addinin Kirista ga yaran Kirista, ilimin addinin Musulunci ga yaran Musulmi. A namu, aji ɗaya yakan fara da labarin halitta, aji biyu da haihuwar Yesu da ƙuruciyarsa, aji uku da zuwan Ruhu Mai Tsarki da farkon ikilisiya. Mun ga makarantu inda babu malamin wannan darasi, yaranmu sai su zauna a gindin bishiya har lokacin ya wuce. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar addinin da ba nasa ba. Idan matsala ta taso, dattawa biyu ko uku su je wurin shugaban makaranta da ladabi, ta hanyar ƙungiyar iyaye da malamai, su nemi a yi rajistar yaran a darasinsu na jarrabawa. Kafin a sami malami, mai koyar da makarantar Lahadi zai iya karɓar jerin darussan ya bi shi ranar Asabar da yamma.

To yaya za mu yi da kaka?

Ba mu ce yaro kada ya taɓa lauje ba. Mu ma a gona muka tashi, mun kuma san kuɗin ƙodago ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Amma ana tashi makaranta da rana, Asabar ma tana nan. Idan gidaje biyar ko shida na ikilisiya ɗaya suka tsara gayya, yau gonar wannan, gobe ta wancan, manya za su ɗauke aikin safiya, yara su shigo da yamma. Idan ya zama dole a riƙe yaro, a riƙe shi kwana ɗaya, a gaya wa malamin ajinsa, ya kwafi rubutun ranar kafin ya kwanta. A ranar godiyar kaka, ikilisiya za ta iya ware 'yan kwanuka daga abin da aka kawo don littafin rubutu da biro na marayu. Fitilar sola guda a majami'a ta ishi yara goma su yi aikin gida. Inda makaranta take da nisa, ko akwai rafi a hanya, kamar wasu unguwannin da ke gefen dajin Falgore da tsaunukan Riruwai, a haɗa 'yan mata su tafi tare su dawo tare, da babba ɗaya yana raka su har ruwa ya janye.

Uwa ko uba da bai yi boko ba shi ma yana iya duba littafi. Kowace Juma'a a ce yaro ya kawo na lissafi da na Turanci. A ƙirga shafi nawa ya ƙaru tun makon jiya. A nemi jan biron malami. A sa ƙanensa na firamare ya karanta kwanan watan da ke saman shafin ƙarshe. Sannan a ce ya faɗi da Hausa abu ɗaya da ya koya. Idan ya kasa faɗa da Hausa, bai gane da Turanci ba, a je a ga malami tun a Oktoba.

Ga tambayar da za a ba 'yan aji ɗaya bayan an karanta wannan darasi. Buhu yana cin kwano 40. An kai rabi rumbu, an sayar da ɗaya bisa takwas don kuɗin yunifom. Kwano nawa ya rage, kuma kashi nawa ke nan na buhun? Iyaye mata su yi da ka, yara su yi a takarda, a ga wa zai riga.