Ciyawar Bokasa: Baƙuwar da Ke Cinye Makiyaya da Bakin Kurmi

Jama'ar unguwar Kilomita Biyar, musamman mahauta da dillalan shanu da direbobin manyan motoci, ga wata magana da ta shafi abincinku, ko da yake a daji take faruwa. Duk wanda ya bi hanyar Mbaiki ko ta Boali ya ga wani tsiro ya yi duhu a gefen titi, ya fi tsayin mutum, rassansa sun sarƙe har akuya ba ta iya ratsawa. In ka murza ganyensa sai wari mai ƙarfi ya bugi hancinka. Makiyaya suna kiransa ciyawar Bokasa, domin a zamanin mulkin shugaba Bokasa, 1966 zuwa 1979, ya yi yawa a ƙasar nan ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Masana kuwa Chromolaena odorata suke ce masa.

Asalinsa daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. Ya shiga Nijeriya wajen 1937 ta yankin Inugu, a ɓoye cikin irin itacen malaina da aka kawo daga Silon, wato Siri Lanka ta yau. A ƙasarsa ta asali akwai ƙwari da cututtuka masu cin sa suna rage masa ƙarfi. Nan Afirka kuwa ya iske fili babu mai tsawata masa.

To, ina ɓarnar take? Da fari yana rufe ƙasa da inuwa, gamba da sauran ciyawar da shanu suka sani su mutu a ƙarƙashinsa. Shanu ba sa son cin sa, ɗanyen tohonsa ma yana iya yi musu lahani. Duhunsa maɓoya ce ta ƙudan tsando mai kawo sammore. Mbororo'en da makiyayarsu ta cushe sai su kaɗa garke gaba, su faɗa gonakin mutane, rigima ta tashi. Saniyar da ta sha wannan wahala ita ce ke isowa kasuwa a rame, ga tsada.

Kurmi ma bai tsira ba. Cikin duhun manyan itatuwa tsiron ba ya iya rayuwa, amma da zarar masu katako sun buɗe hanya ko manomi ya share gona, sai ya riga kowa kama wurin, ya danne 'ya'yan itatuwan da za su maye gurbin iyayensu. Da rani kararensa busassu su ci wuta da zafi, gobarar ta lashi bakin kurmi, baɗi ya ƙara matsawa ciki.

Gaskiya dai, wasu manoma suna yabonsa, sun ce yana kashe tofa yana kuma gyara saura, ana matsa ruwan ganyensa a sabon ciwo. Ba mu musa ba. Amma ribar gona ɗaya ba ta biyan asarar makiyaya guda.

Sara kaɗai aikin banza ne, kututturen zai sake tohowa da rassa fiye da na da. A tuge shi da saiwa tun ƙasa tana da laima, kafin ya fitar da furensa mai fari-fari da shuɗi-shuɗi a farkon rani, don irinsa ƙanana ne masu gashi, iska na ɗauka, suna maƙale wa riga da jikin dabba. Direban da ya fito daga yankin Lobaye ya kakkaɓe taɓon tayoyinsa da shimfiɗar motar kafin ya nufi arewa.